Baƙon da ke cikin waya: ladabin buga gem da wanda ba ka sani ba

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun rubuta shi saboda wanda bai samu ji ba, ko wanda batirin rediyonsa ya mutu ana tsakiyar magana.

Yau maganar wasan waya za mu yi, wanda yara ke kira gem, irin wanda ake bugawa ta intanet da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Na san wani dattijo zai ce, to mu ina ruwanmu? Baba, ka yi haƙuri ka leƙa rumfar masu cajin waya ranar Alhamis a Maigatari, ko a Ƙonni, ko Ɗan Isa, ko Magarya. Za ka ga samari sun sunkuya, waya a kwance cikin hannu biyu, suna ta ihu da wani wanda ba ya wurin. A cikinsu akwai yaron shagonka, akwai wanda ka aika ya sayo dusa, akwai mai kora maka shanu gobe da safe. Saboda haka da ruwanka.

Bari in fara bayyana yadda abin yake, don mu tafi tare. Wanda ya fi yawa a ƙananan wayoyi shi ne Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017. Mutum 50 ake saukewa da laima a kan tsibiri, kowa ya nemi makami da magani, filin yana ta ƙanƙancewa har a bar mutum ɗaya ko tawaga ɗaya. Zagaye guda kamar minti goma ne. Akwai PUBG Mobile da ya fito a 2018, shi mutum 100 yake ɗauka, kuma ya fi daɗewa. Sai Ludo King na wani kamfanin Indiya, wanda ya fito a 2016, lido ne dai da muka sani aka mayar cikin waya. In ba ka da abokan wasa, na'ura ce ke haɗa ka da duk wanda ta samu. Yana iya zama ɗan Damagaram, ɗan Legas, Balarabe ko Ba'indiye. Ba ka san sunansa na gaskiya ba, ba ka san shekarunsa ba, wani lokaci ko harshensa ba ka ji.

To a nan rigimar take. A dara, kana ganin fuskar abokin wasanka. In ka yi masa rashin kunya, dattawan da ke gindin bishiyar za su tsawata maka, gobe kuma za ku haɗu a masallaci. A waya babu dattijo, babu gobe. Shi ya sa yaro mai ladabi a gida, da ya sa abin ji a kunne sai ka ji bakinsa ya zama wani iri.

Ni ma na taɓa faɗawa ciki, ba zan ɓoye muku ba. Wata rana da yamma ina cikin tawagar mutum huɗu, aka harbe ni na faɗi. A wannan wasa, wanda ya faɗi yana rarrafe, in ɗan tawagarsa ya zo da wuri zai iya tashinsa. Ga wani ɗan tawagarmu kusa da ni, tsaye ƙiƙam kamar turke. Na kira, shiru. Na sake kira, shiru, har aka ƙarasa ni. Raina ya ɓaci, na buɗe makirfo na faɗa masa maganar da ba zan maimaita a gidan rediyo ba. Can sai na ji muryar yaro ƙarami yana haki, Hausarsa da karin Fillanci, ya ce, “Yaya ka yi haƙuri, saniya ce ta nufi gonar mutane, na ajiye wayar na bi ta.” Wallahi kunya ta rufe ni. Yaron ya yi abin da ya dace, ya bar wasa ya tare ɓarna. Ni da na girme shi, ina zaune kan kujera, ni ne na yi abin kunya.

Tun daga ranar nake cewa, wanda ke cikin wayar nan baƙo ne, irin baƙon da kake tararwa a bakin rijiya. Ku makiyaya kun fi kowa sanin dokar rijiya. Ka iso ka yi sallama, ka bi layi, ba ka tura dabbobinka kan kwamin wani, in gugan wani ya faɗa ka taya shi cirowa ko ba ka san rugarsu ba. Ku ma ’yan kasuwa haka, mutum ya zo da sefa kai kana da naira, harshe bai zo ɗaya ba, amma a yi ciniki a rabu lafiya. Wannan ladabin nake roƙo mu shiga da shi cikin waya.

Abu na farko, kada ka shiga zagayen da ka san ba za ka gama ba. Wannan shi ne ƙorafin da ’yan wasa suka fi yi. Mutum huɗu ne a tawaga, ɗaya ya fice, saura uku su fuskanci huɗu, a cinye su, makinsu ya ragu, datar da suka saya da kuɗinsu ta tafi a banza. In saura minti biyar a kira salla, jira. In kana tsaron shago ranar kasuwa, jira. In cajinka ya kusa ƙarewa, jira. In kuwa kana bayan dabbobi kuma ba a saki gonaki ba tukuna, don Allah waya ta zauna a aljihu. Minti goma na zagaye guda sun ishi garke ya shiga gero, kuma kun san abin da ke biyo baya: ƙara wurin mai gari, biyan ɓarna, wani lokaci har abin da ya fi haka muni. Yaron da na ba ku labari ya yi daidai da ya ajiye waya, amma da bai fara wasan ba a wannan lokaci da ya fi.

Na biyu, in wani ya tsaya cak ko ya ɓace, yi masa uzuri kafin ka buɗe baki. Mu mazauna iyaka mun san halin netwok, ko rezo kamar yadda wasunmu ke cewa. Waya tana iya sakin eriyar ƙasa ɗaya ta kama ta ɗaya ƙasar, a tsakani komai ya tsaya. Yawancinmu layi biyu ne a waya, na Nijar da na Najeriya, kuma a wayoyi da yawa, da kira ya shigo ta layi ɗaya sai datar ɗaya layin ta yanke har a gama magana. Akwai wata ƙaramar lamba a gefen allo da ake kira fing, tana auna jinkirin da ke tsakanin wayarka da na'urar kamfani. In tana ƙasa da 100, wasa zai tafi sumul. In ta haura 200 ko 300, kai kana ganin ka harba, a wurin sauran kuwa kana tsaye. Duba ta kafin ka shiga. In ta yi ja, kada ka jawo wa mutum uku asara. Kuma ka shiga saitin waya ka zaɓi kamfanin layinka da hannu, don ta daina tsalle tsakanin ƙasa biyu.

Na uku, makirfo. Ɗan'uwa, in ka bar shi a buɗe, duk abin da ke kewaye da kai kana zuba shi a kunnen mutane: injin janareto, kukan akuya, mai tallan fura, rediyon maƙwabci. A Free Fire da PUBG ana sauraron takun abokin gaba ne da kunne, hayaniyarka tana toshe musu wannan. Rufe shi, ka buɗe in kana da abin faɗa. In harshe bai zo ɗaya ba, akwai alamomi da gajerun saƙonni da aka shirya cikin wasan, na nuna wuri, na neman taimako, na godiya. Sun isa a fahimci juna.

Na huɗu, kaya. In ɗan tawagarka ya kayar da abokin gaba, kayan da suka zube shi ya fi cancanta ya fara ɗiba. Kada ka ruga ka kwashe. In kana da magani biyu shi ba shi da ko ɗaya, ajiye masa guda. In ya faɗi kuma akwai hali, je ka tashe shi. A lido ma akwai nasa: kada ka riƙa jan lokaci da gangan don ka ga za a ci ka, kada ka cika wa mutum allo da hotunan dariya don ka cinye masa ɗa, kuma kada ka kashe data ka gudu ana dab da gamawa. Wanda ya iya ci, ya iya karɓar kaye.

Na biyar, kuma shi ya fi damuna, zagi. Mu a nan muna da wasan barkwanci. Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya tsokani Bazabarme, a yi dariya a sha shayi. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon duniya a 2014. Amma abin da ya sa take tafiya lafiya shi ne kowa ya san dangantakar da ke tsakani, kowa ya san iyaka. Baƙon cikin waya bai san kai abokin wasansa ba ne. Abin da kake ɗauka tsokana, shi cin mutunci ya ji. Da ka taɓa ƙabilarsa ko ƙasarsa ko addininsa, ka fita daga wasa. Uwa da uba kuwa, malamai sun sha gaya mana cewa mai zagin iyayen wani shi ke jawo wa nasa zagi. Ka tuna kuma muryar da kake zagi tana iya zama ta yaro ɗan shekara goma da ya ari wayar yayansa. In mace ce ta yi magana, a bar ta ta yi wasanta. Ba neman aure ta zo ba, kuma ba ta ba kowa izinin tambayar lambarta ba.

To in kai aka zaga fa? Kada ka rama. Kowane ɗaya daga cikin wasannin nan yana da hanyar rufe muryar mutum ko saƙonsa, da wurin kai ƙararsa ga kamfani. Danna, ka ci gaba da abinka. Fulani suna da kalmomi uku da ake tarbiyyar yaro a kansu: munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya, da hakkiilo, wato hankali. Ban ga wata doka ta kamfani da ta fi waɗannan ba.

Sai dai fa, girmama baƙo daban, sakin baki daban. A rijiya kana shayar da baƙo, amma ba ka gaya masa shanu nawa ne a rugarku ko inda suke kwana. Haka a nan. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki. Kada yaro ya gaya wa wanda bai sani ba sunan ƙauyensu, ko inda aka yi mashekari, ko ranar da babansa ke dawowa daga kasuwa da kuɗin shanu. Kada ka ba da lambar sirrin asusunka. Duk wanda ya ce zai ba ka dayamon kyauta in ka turo masa lambobin da suka shigo wayarka, ɓarawo ne. Lambobi shidan nan na WhatsApp, da ka ba shi ya ƙwace layin hirarka, ya shiga roƙon kuɗi wurin abokan cinikinka da sunanka. Wanda kuma ya ce ku sa kuɗi a lido wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, ko da katin waya aka sa.

Iyaye, ga taku. Ƙwace waya da duka ba ya hana komai, gobe zai ari ta abokinsa. Zauna kusa da shi zagaye ɗaya, ka ce ya cire abin kunne ya buɗe lasifika. A minti goma za ka ji da wa yake hulɗa, za ka ji kuma yadda bakinsa yake in ba ka nan. Daga nan ku yanka lokaci: bayan dabbobi sun koma turke, bayan an rufe shago, ban da lokacin salla da karatu. In ka ga wasa ya fara cin barcinsa da aikinsa kuma ya kasa bari, kada ka ɗauke shi ƙaramin abu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka tun 2019.

Yaron nan kuwa, na nemi gafararsa a ranar, ya ce ba komai. Mun ƙara zagaye biyu da daddare bayan ya ɗaure shanu, kuma sau biyu yana tashina. Har yau ban san sunansa ba, ban tambayi inda rugarsu take ba.

A mako mai zuwa za mu duba yadda ake gane saƙon kuɗi na bogi a waya, wanda ake yi wa masu sayar da dabbobi. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi, ya aiko mana da saƙon murya, ba za mu faɗi sunansa ba. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya raya dabbobi. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.