Kuɗin Mota da Haƙƙin Masu Rauni: Darasi Daga Ƙananan Hukumomin Ingila



Maganata a yau kan yadda ƙananan hukumomin Ingila ke sauya tsarin jigilar tsofaffi da naƙasassu ce, da kuɗin da suke ɗora musu. Matsayina a fili yake: idan an tanadar wa mutum kulawa, amma ba shi da hanyar isa wurinta, to ba a kula da shi ba.

Dokar Kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin tantance buƙatun baligi mai rauni. Cikin abin da ake dubawa har da ko zai iya shiga motar haya ya kai kansa inda jama'a ke zuwa. Sai dai wannan kulawa ba kyauta ba ce kamar magani a asibitin gwamnati na NHS. Galibi wanda ajiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa, kuma tun 2010 ba a ɗaga wannan adadi ba.

A da, ƙaramar bas mai na'urar ɗaga keken guragu kan tsaya a ƙofar gida da safe, da direba da ɗan rakiya, ta kai mutum cibiyar da yake wuni. Yanzu hukumomi da dama sun ce sai an biya kuɗin kowace tafiya. Wasu sun ce sai cibiya mafi kusa kawai za su kai mutum. Wasu kuma sun ce mai katin shiga bas kyauta, ko mai motar shirin Motability na samar wa naƙasassu mota, ko mai ɗan'uwan da zai iya tuƙa shi, ya nema wa kansa mafita.

Ba a rasa dalili ba. Kason da gwamnatin tsakiya ke bayarwa ya ragu bayan 2010, tsofaffi na ƙaruwa, har hukumomin Northamptonshire a 2018 da Birmingham a Satumban 2023 suka shelanta cewa kasafinsu ya gagara daidaituwa.

To amma mu dubi abin kusa. A dokar ƙasa, katin bas kyauta sai ƙarfe 9:30 na safe yake fara aiki a ranakun aiki. Dattijo mai ciwon mantuwa da za a ce ya sauka daga bas ɗaya ya hau wata, me katin zai tsinana masa? Ƙarshenta matarsa, ita ma ƙarfinta ya ƙare, ita za ta zama direba. Ranar da ta gaza, sai a kai shi gidan kula da tsofaffi, wanda kuɗinsa ya ninka na mota nesa ba kusa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma batun doka. Ƙa'ida ta hana hukuma lissafa alawus ɗin zirga-zirga na naƙasasshe cikin kuɗin shigarsa yayin yanke abin da zai biya. Idan aka ce ya kashe shi kaf a hanyar cibiya, an karɓe shi ke nan ta bayan fage. Da me zai je kasuwa ko ziyarar dangi? A Disamban 2020 Babbar Kotu ta yanke cewa tsarin cajin kuɗin kulawa na hukumar Norfolk ya nuna bambanci ga masu tsananin naƙasa. Wannan hukunci gargaɗi ne ga sauran hukumomi.

Don haka kirana uku ne. A duba halin kowane mutum shi kaɗai kafin a janye masa mota. A saurari masu jinya tun kafin a yanke shawara. Sannan a bayyana wa kowa yadda aka lissafa kuɗinsa da inda zai kai ƙara. Ku ɗalibai da za ku riƙe muƙamai gobe, ku sa kuɗin mota cikin kasafin kulawa tun ranar farko.