Keken Guragu Ba Kayan Rabo Ba Ne



An nemi in yi magana kan yadda mai keken guragu zai hau kekensa ya sauka lafiya. Ba daga kansa zan fara ba, domin sau da yawa tun ranar da aka miƙa masa keken ake haɗa shi da abin da zai cutar da shi. Tarihin shan inna a Arewa kun san shi. A Borno aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a 2016, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Waɗanda ta naƙasa suna nan tare da mu. Ga matasan da haɗarin mota da babur ke karya wa ƙashin baya, ga dattawa masu shanyewar ɓarin jiki.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke a ƙasashe irin namu, matakai takwas, ciki har da auna mutum, daidaita masa keken, koya masa, da bin sawunsa daga baya. Mu kuwa kekuna ake jerawa a fili, a ɗauki hoto, kowa ya tura nasa gida. Akasari irin na asibiti ne masu naɗewa, waɗanda aka ƙera don kai majinyaci daga ɗaki zuwa ɗaki a kan siminti. Mazauninsu leda ce, babu kushin.

A nan zan daɗe. Wanda shan inna ta shafa yana jin jikinsa. Idan zama ya dame shi zai gyara. Wanda lakarsa ta taɓu sau da yawa ba ya jin komai daga wurin raunin zuwa ƙasa. Nauyinsa duka yana kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, suna danne naman da ke ƙarƙashinsu har jini ya daina kaiwa. Sa'o'i kaɗan sun isa naman ya fara mutuwa, kuma sau da yawa daga ciki yake farawa, kusa da ƙashi. A littattafan da muke koyarwa an ce a lura da wurin da ya yi ja. Fatarmu ba ta nuna ja yadda ake so. Abin da uwa ko matar gida za ta gani shi ne wuri kamar faɗin kwabo da ya fi kewayensa duhu, yana ɗan sheƙi, in ta taɓa ta ji ɗumi ko tauri. Idan aka ci gaba da zama a kansa sai ya fashe. Ku haɗa da zafin Afrilu, da gumi, da fitsarin da mai irin wannan rauni ba ya iya riƙewa, da ledar da ta lotsa ta tattara nauyi wuri guda. Gyambon yana iya cin nama har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Na ga saurayin da ya tsira daga haɗarin mota, aka sallame shi da rai da lafiyar hannuwa, ya dawo da ramin da dunƙulen hannu zai shiga. Watanni ya yi kwance rubda ciki.

Maganin kuma ba na masu kuɗi ba ne. Kushin na soso mai tauri, da mai laushi a samansa, an rage shi daidai inda ƙasusuwan nan suke sauka, an ɗora a kan katako maimakon leda. Matashin kai ba ya maye gurbinsa, tsumma da aka ninka ma haka. Sai a koya wa mutum ya riƙa sauke nauyi duk bayan minti 15 zuwa 30: ya ja birki, ya sunkuya har ƙirjinsa ya kusa gwiwa, ko ya karkata dama sannan hagu, ya ɗan jima a haka. Safe da dare ya duba mazaunansa da madubi. Da ya ga alama, ya bar zama a kan wurin har ya washe. Duk wanda ya ba mai raunin laka keke babu kushin, babu wannan darasi, bai gama taimakonsa ba.

Wasu abokan aikina da jami'an ma'aikatu sukan ce da babu gara ba daɗi. Ban yarda ba. Keke kamar takalmi ne, ba a saya wa mutum sai an san ƙafarsa. Awon bai wuce a ga faɗin mazauni ya dace da ƙugu, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa, a saita matakin ƙafa yadda cinya za ta kwanta kan kushin ba. Da tef ɗin tela ake yinsa.

Sai faɗuwa. Ƙananan tayoyin gaba su ne ke cijewa a rairayi ko bakin kwata, keken ya tsaya cak, mai shi ya kife ta fuska. Shi ya sa mai ƙafa uku da maƙeranmu ke haɗawa a Kano ya fi dacewa da lungu, ko da yake ba ya shiga ɗaki. Birki yana kama taya ne, saboda haka tayar da ta sace ba ta da birki. A riƙa leƙa mai faci. Kafin sauka zuwa gado ko tabarma a ja birki biyun, a kawar da matakin ƙafa, kada a taka shi. Kada a rataya kaya masu nauyi a baya, suna kifar da keke a hawan tudu. Masu taimako kuma, ku tambayi mutum kafin ku kama kekensa. Kada ku ɗaga shi ta madogarin hannu, yana iya zarewa. Ku riƙe jikin ƙarfen.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ma'aunin gangara sananne ne: duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowacce suna buƙatar gangara mai mita 5.4. Abin da ake lafta mana a ƙofofin ofisoshi da bankuna sau da yawa bai kai rabin haka ba, ga tayil mai santsi a kai.

Abin da na daɗe ina nema bai canza ba. Kada a sake raba keke sai ta hannun wanda aka horar, a asibiti ko cibiyar gashin ƙashi, kuma kuɗin kushin da na koyarwa su shiga cikin kuɗin keken tun a kasafi. A horar da masu walda da masu gyaran keke a kowace ƙaramar hukuma, a sa masu hawan keken da suka ƙware su koyar da sababbi, a biya su. Jami'an da ke zaune a nan, ina roƙonku, duk takardar sayen keke da ta zo teburinku babu kushin a cikinta, ku mayar da ita.