Haƙoran Nono: Masu Riƙon Wuri

Iyaye mata, ku ɗan matso kusa da rediyo, yau a bakin yaranku za mu yini.

Sau nawa kika ga haƙoran ɗanki sun karkace, kika ce, "Ai na nono ne, zai yi famfara"? To, haƙoran nan 20, da ke soma tsirowa wajen wata 6 su kammala kafin shekara 3, masu riƙon wuri ne. Kowane ɗaya yana tsare wa haƙorin girma gurbinsa. Idan alewa ta cinye turmi aka cire shi tun lokaci bai yi ba, na kusa da shi sai su matso su cike giɓin. Ranar da mai wurin ya zo, sai ya fito a karkace, ko ya hau kan ɗan'uwansa.

Yau da dare ki ce wa yaron ya cije haƙoransa, ki ɗaga leɓensa ki duba. Daidai shi ne na sama su ɗan rufa kan na ƙasa. Idan kin ga 'yar wushirya nan da can, kwantar da hankalinki, fili ne aka tanadar wa haƙoran girma. Amma idan turame sun haɗu, gaba kuwa ta bar ƙofa har harshe na leƙowa, ko na ƙasa sun sha gaban na sama, ko muƙamuƙi na zamewa gefe guda, wannan abin a nuna wa likitan haƙori ne.

Dalilin hakan kuwa, wani gado ne, a kakanni za ki gan shi. Wani kuwa tsotson yatsa ne, ko roban tsotso, ko fida da aka daɗe ba a yaye ba. Yatsa na tura haƙoran sama waje, yana matse ganɗa. Idan yaro ya daina wajen shekara 3, sau da yawa bakin kan koma daidai da kansa. Ba da duka ko shafa barkono ake raba shi da yatsa ba. Lallashi da yabo sun fi ci. Yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari kuwa, a duba masa hanci da maƙogwaro.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muƙamuƙin yaro ma haka yake. Kada ki jira famfara, domin a shekara 6 manya ke soma isowa, kuma gurbin da suka tarar shi za su bi.