Daga Gidan Rediyo Zuwa Kujerar Mulki: Labarin Dan Patrick Na Jihar Teksas

 'Yan uwa, magana yau a kan wani ɗan siyasar Amurka ce, sunansa Dan Patrick. Kada wani ya ji "Dan" ya zaci irin na ɗan wane ne. Sunan yankansa Dannie Goeb, an haife shi a birnin Baltimore a 1950. Patrick suna ne da ya ara don aikin watsa labarai, daga baya ya je kotu ya mai da shi nasa.

Mutumin nan bai taso a gidan siyasa ba. Mai karanta labarin wasanni ne a talabijin, aikin da ya kai shi birnin Houston na jihar Teksas a 1979. An san shi da wasan banza don jan 'yan kallo, har ya taɓa shafe jikinsa da shuɗin fenti saboda ƙungiyar ƙwallon garin. Da ya bar talabijin sai ya buɗe mashaya inda ake shan giya ana kallon wasa, wa'iyazu billah. Farashin mai ya faɗi, kasuwar Houston ta mutu, a 1986 ya karye ƙarƙaf, har kotu ta tabbatar ba zai iya biyan bashi ba.

To daga nan ne labarin ya soma. A 1987 hukumar sadarwa ta Amurka ta soke wata tsohuwar ƙa'ida da ke tilasta wa gidajen rediyo su ba kowane ɓangare dama idan ana muhawara a kan al'amarin jama'a. Da aka cire ta, sai ya zama mutum zai iya zama gaban makirufo sa'a uku yana faɗin ra'ayi guda, ba mai ce masa kanzil. Patrick ya samu wata 'yar ƙaramar tasha mai suna KSEV a gefen Houston, ya kama ta, ya sa shirin wani Rush Limbaugh, wanda a lokacin bai yi suna sosai ba, daga baya ya zama uban masu wannan sana'a a Amurka. Shi ma Patrick ya buɗe nasa shirin: Kiristanci, yaƙi da zubar da ciki, baƙin haure, da kuma haraji.

Ku lura da harajin nan, 'yan uwa, don shi ne ƙugiyar. Teksas ba ta karɓar harajin albashi, saboda haka nauyin yana kan harajin gidaje, kuma kullum hukuma sai ta ƙara wa gida ƙima don kuɗin ya hau. Magidanci yana cikin mota zai tafi aiki, ransa a ɓace, sai ya ji wani a rediyo yana faɗin abin da ke cinsa, yau da gobe, shekara da shekaru. Ya buga waya, a saurare shi. Patrick ya kafa ƙungiyar yaƙi da wannan haraji, ya riƙa jan masu sauraronsa zuwa Austin, babban birnin jihar, su tsaya a kan 'yan majalisa. Kafin ya nemi ƙuri'ar kowa ya riga ya tara jama'a.

A 2006 ya tsaya takarar Majalisar Dattawan jihar a jam'iyyar Rifublikan. Abokan karawarsa a zaɓen fid da gwani su uku ne, biyu 'yan majalisar wakilai masu ci, ɗaya kansilan birni. Ya kwashe kusan kashi 69 cikin 100. Su suna biyan kuɗi a tallata su na minti ɗaya, shi kuwa ya shekara goma sha yana kwana a kunnen mutane.

Majalisar nan kujeru 31 gare ta. A lokacin tana da wata tsohuwar al'ada: ba a kawo ƙudiri zaure sai mutum 21 sun yarda, wato kashi biyu cikin uku. Ma'ana, mutum 11 sun isa su tare hanya, kuma 'yan Dimokurat 11 ne cif. Shigarsa ke nan a Janairun 2007 ya miƙe ya ce a soke wannan al'ada. Aka kaɗa ƙuri'a, 30 suka ƙi, shi kaɗai ya goyi bayan kansa. Ku riƙe wannan lissafi, za a dawo kansa.

A watan Afrilu na wannan shekara aka gayyaci Imam Yusuf Kavakci, limamin wani babban masallaci a yankin Dallas, ya buɗe zaman majalisar da addu'a. Shi ne Musulmi na farko da aka ba wannan dama. Wadda ta gayyace shi Sanata Florence Shapiro ce, Bayahudiya, 'yar jam'iyyar Patrick. Patrick ya ƙi tsayawa a zauren. Hujjarsa ita ce kada a ɗauki tsayuwarsa a matsayin amincewa. Alhali a shekarar nan shi ne ya yi tsaye aka rubuta kalmar dogaro ga Ubangiji a bangon zauren, aka kuma ƙara ambaton Ubangiji a cikin rantsuwar mubaya'a ga tutar jihar. Ambaton Allah a majalisa yana so, amma ba daga bakin liman ba. Kuma ficewar ba ta rage shi da komai ba wajen mutanensa.

A 2011 ya ga bayan dokar da ya daɗe yana nema, wadda ta wajabta wa likita ya ɗauki hoton ciki kafin a zubar da shi. Wani zai ce, to ai wannan ya yi kusa da abin da Musulmi ke so. Gaskiya ne a wannan gaɓa. Sai dai a auna mutum da dukkan aikinsa.

A 2014 ya nemi kujerar Mataimakin Gwamna. A nan kada ku kawo hoton mataimakin gwamna da ake ce wa safaya taya. A Teksas zaɓensa daban ake yi, shi ke shugabantar Majalisar Dattawa, shi ke naɗa kwamitoci, shi ke tura ƙudiri inda zai rayu ko inda zai mutu. Da yawa na ganin ya fi gwamna ƙarfi a kan doka. Mai kujerar, David Dewhurst, hamshaƙin attajiri ne da ya shekara 12 a kai. Patrick ya hau shi da maganar iyaka da baƙin haure. Ana cikin haka wani tsohon ma'aikacin mashayarsa ya fito ya ce shi ma ba shi da takardu lokacin da ya yi masa aiki. Patrick ya ce bai sani ba, jama'arsa suka wuce wurin. A zagaye na biyu ya ci kashi 65, Dewhurst 35.

Ga abin dubawa. Jihar tana da mutum kimanin miliyan 27 a lokacin, amma duk waɗanda suka fito wannan zagaye ba su kai miliyan ɗaya ba. Kuma tun bayan 1994 har zaɓen 2024 ba ɗan Dimokurat da ya ci kujerar da jiha duka ke zaɓa. Wato zaɓen fid da gwani shi ne zaɓen. Su wa ke fitowa? 'Yan tsirarun da suka damu, masu zuwa coci, masu sauraron rediyo. Abin da ake kira mulkin masu rinjaye ke nan.

Ya kama aiki a Janairun 2015, kuma cikin kwanakin farko aka rage 21 ɗin nan zuwa 19. A 2021, da jam'iyyarsa ta rasa kujera ta koma 18, sai aka sake rage adadin zuwa 18. Kun ga ƙa'ida tana bin yawan mutanensa kamar jela. Wanda aka kayar 30 da 1 shi ne ya zo yana yanka ta yadda ya so.

A ƙarƙashinsa majalisar ta zartar da dokar 2017 da ta hana gwamnatin jihar ba da kwangila ga mai ƙaurace wa Isra'ila. Wata Musulma 'yar asalin Falasɗinu, mai taimaka wa yara masu matsalar magana a makaranta, ta rasa aikinta don ta ƙi sa hannu. Sai da alƙalin tarayya ya dakatar da dokar a 2019, sannan aka gyara ta aka cire ɗaiɗaikun mutane.

A 2023 majalisar wakilai ta tuhumi Antoni Janar na jihar, Ken Paxton, da cin amanar ofis, kuma Patrick ne zai zauna a matsayin alƙali. Kafin shari'ar, wata ƙungiya mai goyon bayan Paxton, wadda attajiran mai ke ɗaukar nauyinta, ta ba asusun kamfen ɗin Patrick dala miliyan 3, ɗaya kyauta, biyu rance. A Satumba aka wanke Paxton. Wata guda bayan haka aka gano shugaban ƙungiyar ya karɓi baƙuncin wani sanannen maƙiyin Yahudawa, aka yi ca, sai Patrick ya sanar zai sayi takardun bashin gwamnatin Isra'ila na dala miliyan 3.

Ya sake cin zaɓe a 2018 da 2022. A 2025 ya ga an sa hannu a dokar rataya Dokoki Goma na Attaura a azuzuwan makarantun gwamnati, maganar da ta kai gaban kotuna. A watan Mayun shekarar Shugaba Trump ya naɗa shi shugaban hukumar kare 'yancin addini. A jerin mambobin da aka sanar akwai fastoci, akwai manyan limaman Katolika, akwai malamin Yahudawa guda. Musulmi kuwa sai a kwamitocin ba da shawara aka sa su.