Bayan digirin dakta, sai ina?

Yau maganarmu da waɗanda suka kammala digirin dakta a lissafi, kimiyyar sinadarai ko ilimin halittu, suna tunanin inda za su dosa.

Akwai aikin bincike na 'yan shekaru da ake yi bayan digirin, kuma yanzu kasuwar masu kwaikwayon abubuwa a kwamfuta ce ke ci. Ka rubuta wa na'ura dokokin da iska ko annoba ke bi, ta lissafa, sannan ka gwada sakamakon da abin da aka auna a zahiri. Irin wannan aiki a kan yanayin duniya ne ya sa Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta 2021.

Ga mai neman tallafin aikin bayan digirin, Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana ɗaukar nauyin bincike na wata 6 zuwa 24, matuƙar ba ka wuce shekara 4 da gama digirin ba. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai kuwa yana karɓar wanda bai wuce shekara 8 da gama digirin ba. Duka biyun sai ka fara samo malamin da zai karɓe ka, kuma malami ba ya amsa wasiƙar gama-gari da aka aika wa mutum ɗari. Karanta aikinsa, ka zo da tambaya.

Tambaya kuwa muna da ita. Har yau manyan lissafe-lissafen yanayi ba su daidaita ba kan ko damina a Sahel za ta ƙaru ko ta ragu, alhali cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana tara bayanan ruwan sama tun shekarun 1970.