Tanadin Tushen Manhaja Da Gwaje-gwajenta

Batun da aka nemi in yi magana a kansa ƙarami ne a ido, amma duk ma'aikatar da ta raina shi ta kan yi da-na-sani. Batun kuwa shi ne yadda a ke shirya na'urar haɗa manhaja, domin ta riƙa ƙunshe tushen manhajar da gwaje-gwajenta a duk lokacin da ta gama aiki.

Da farko ya kamata mu san cewa manhaja tana da fuska biyu. Akwai rubutun da masani ya yi da hannunsa, wanda mutum ke iya karantawa ya gyara, shi na ke kira tushe. Akwai kuma abin da a ke samu bayan an juya wannan rubutu zuwa harshen da kwamfuta ke ganewa, shi ne a kan miƙa wa mai saye. Ban da waɗannan, masu rubutu su kan yi wasu ƙananan shirye-shirye da ke jarraba manhajar, su tabbatar kowane sashe yana ba da amsa daidai. Su ne gwaje-gwaje. Wanda aka ba shi juyayyen kaɗai, tamkar wanda aka sayar wa gida ne aka riƙe mabuɗin ɗakin ajiya. Zai zauna lafiya har ranar da wani abu ya lalace.

Juya tushe da hannu aiki ne mai gajiyarwa, kuma mantuwa ba ta ƙarewa a cikinsa. Saboda haka a shekarar 1976 Stuart Feldman ya ƙago Make a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Daga baya masu rubutu da harshen Java suka sami Ant a 2000, sa'an nan Maven, wadda fitowarta ta farko cikakkiya ta zo a 2004 a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Da Maven zan yi misali, domin tsarinta a fili ya ke.

Maven tana karanta umurni daga takarda guda mai suna pom.xml. Tana sa ran samun tushe a ma'ajin src/main/java, gwaje-gwaje kuma a src/test/java. Aikinta yana tafiya hawa-hawa: ta juya tushe, ta yi gwaji, ta ƙunshe, sa'an nan ta ajiye ko ta aika. Ƙunshin da ta ke yi ana kiransa JAR, wanda a haƙiƙa nau'in ZIP ne. To, ga inda gizo ke saƙa. Idan ba a gaya mata kome ba, ƙunshi ɗaya tak za ta yi, watau na juyayyar manhaja. Tushe da gwaje-gwaje kuwa sai su rage a kwamfutar wanda ya rubuta su.

Maganin wannan bai wuce layuka kaɗan ba. A cikin pom.xml sai a ambaci mataimakin da a ke kira maven-source-plugin, a rubuta lambar fitowarsa, a ba shi ayyuka biyu. Na farko, jar-no-fork, yana ƙunshe tushe, ya fito da fayil mai ƙarewa da sources.jar. Na biyu, test-jar-no-fork, yana ƙunshe rubutun gwaje-gwaje, sunan fayil ɗinsa ya ƙare da test-sources.jar. Dukansu a hawan ƙunshewa su ke aiki, saboda haka umurni guda, mvn package, zai fitar da ƙunshi uku maimakon ɗaya.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a yi hattara da su. Na ɗaya, mataimakin nan yana da wasu ayyuka masu suna jar da test-jar kawai. Waɗannan su kan sa Maven ta koma baya ta maimaita wani sashe na aikin da ta riga ta yi, abin da ke cin lokaci, wani zubin ma ya kawo rikici. Don haka idan a cikin pom.xml ne za a ɗaura su, masu no-fork ne suka dace. Na biyu, wani mataimaki dabam, maven-jar-plugin, shi ma yana da aiki mai suna test-jar, amma shi juyayyun gwaje-gwaje ya ke ƙunshewa, waɗanda mutum ba ya karantawa. Sunan ɗaya ne, kayan dabam. Na uku, kuma mafi hatsari, masu rubutu su kan bar kalmomin sirri a cikin fayilolin gwaji don sauƙin aiki. Na'ura ba ta tambaya. Abin da ta tarar shi za ta ƙunshe, kuma abin da ya shiga babbar ma'ajiya ta Maven Central ba a janye shi. Wajibi ne a bincika kafin a aika.

Wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin ofis da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Ma'ajiyar da na ambata tana neman ƙunshin tushe daga duk mai son saka manhajar Java a cikinta, domin ta san mai amfani zai bukace shi. A watan Disamba na 2021, da aka bayyana mummunar ɓaraka a Log4j, masana a ko'ina sun iya duba tushenta nan da nan, suka ga inda ciwon ya ke. Yanzu ku ɗauka manhajar biyan albashi ce ta wata ma'aikata, ɗan kwangilar da ya rubuta ta ya bar sana'ar, ga doka ta sake ƙa'idar haraji. In akwai tushe, wani masani zai gyara. In akwai gwaje-gwaje, zai san ko gyaran nasa ya ɓata wani wurin. In babu, sai a sake biyan kuɗi a fara daga farko.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai da su saba da sa waɗannan layuka tun ranar da suka fara aiki. Ku kuma ma'aikata, duk sa'ad da takardar kwangilar manhaja ta zo teburinku, ku duba ko an rubuta cewa za a miƙa ƙunshin nan uku, masu lambar fitowa iri ɗaya, kafin ku sa hannu.