Kalmar "Throw" da Danginta: Lacca ga Malaman Turanci da Masu Fassara

 

Yau zan tsaya a kan kalma ɗaya tak ta Turanci, wato "throw". Yaro yana haɗuwa da ita tun a firamare, a ce masa ma'anarta "jefa", ya rubuta a littafi, shi ke nan an wuce. Ina so in nuna muku cewa wannan wucewar da muke yi da gaggawa ita ke haifar da yawancin kura-kuran da muke gani a takardun jarrabawa da fassarar labarai, kuma maganin yana cikin Hausar da yaron ya zo aji da ita.

Mu ɗan leƙa tarihi tukuna. A tsohon Turanci, na shekaru dubu da suka wuce, kakan wannan kalma shi ne "thrawan", kuma ma'anarsa murɗawa ko juyawa. Dangi ɗaya suke da "thread", wato zare, domin murza shi ake yi. Har gobe Bature maginin tukwane da ke juya yumɓu a kan faifai yana cewa "throw a pot", ga shi kuwa babu tukunyar da ya jefar. Kalmar jifa a wancan zamani ita ce "weorpan", 'yar'uwar "werfen" ta Jamusanci. Ita ce ta zama "warp", wadda yau take nufin zaren tsaye na masaƙa, ko kuma lanƙwashewar katako idan ya sha ruwa da rana. Kun ga kalmomin biyu sun yi musayar gida: mai murɗa ta koma jifa, mai jifa ta koma murɗewa.

Tsakanin wannan musaya akwai baƙuwa. Mayaƙan teku na arewacin Turai, waɗanda ake kira Vikings, sun far wa tsibirin Lindisfarne a shekarar 793, daga baya suka zauna a arewa da gabashin Ingila, suka yi auratayya da mutanen ƙasa. Cikin abin da suka bari akwai kalmarsu "kasta", wadda ta zama "cast". Ita ta fara ture "weorpan", kafin "throw" ta soma ɗaukar ma'anar jifa a wajajen 1300, ta ture ta ita ma sannu a hankali. Amma "cast" ba ta mutu ba. Ta laɓe a wasu muhimman wurare, kuma a nan ne Bahaushe zai ji kamar yana gida. Bature yana cewa "cast a vote", mu muna jefa ƙuri'a. Yana cewa "cast a net", masuncinmu yana jefa birgi. Yana cewa "cast a spell", mu kuma idan an ce an yi wa wane jifa, kowa ya san ba dutse ake nufi ba. Ita kuwa "broadcast" asalinta aikin gona ne, manomi ya ɗebi iri ya watsa da hannu. Da rediyo ya zo, aka kafa BBC a 1922, sai kalmar ta bar gona ta shiga gidan rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, kuma "watsa shirye-shirye" da muke ji kullum ta dace da asalin kalmar daidai wa daida.

To, ga inda nake so mu daɗe. Ku ɗauki jimloli biyu: "He threw the stone to Musa" da "He threw the stone at Musa". Bambancinsu haruffa biyu ne, amma ta farko miƙo ce, ta biyu faɗa ne. A Hausa ba wanda zai rikita su. Ta farko "ya jefa wa Musa dutse", ta biyu "ya jefi Musa da dutse". Ɗan shekara biyar ya san wanda aka jefa wa abu zai cafe, wanda aka jefa zai kauce. Hausa tana ɗora wannan bambanci a jikin aikatau ɗin kansa: jefa, jefi, jefo, jefar. "Jefo" ta nuna abin ya taho wajen mai magana. "Jefar" ta nuna an rabu da abin. Turanci kuwa yana barin aikatau yadda yake, ya rataya masa ƙaramar kalma a baya. "Throw away" ita ce jefarwa ko zubarwa, kuma ita ce ta zama "troway" a bakin masu Turancin buroka. "Throw out" korar mutum ce daga gida, ko watsi da ƙara a kotu. "Throw up" amai ne. Ɗalibin da ya ga "the baby threw up" ya fassara da cewa jariri ya jefa sama ba daƙiƙanci ya yi ba. Mu ne muka koya masa rabin kalma.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne babba malami ya hana Hausa shiga ajin Turanci a irin wannan darasi. Idan ka rubuta "jefa masa" da "jefe shi" a allo, ka sa "to" da "at" a ƙarƙashinsu, cikin minti kaɗan yaro ya gane abin da haddar wata guda ba za ta ba shi ba.

Sai dangin "throw". Likitan nan na Landan, Peter Mark Roget, ya wallafa littafinsa na kalmomi masu kusancin ma'ana a 1852, kuma tun daga lokacin ɗalibai ke buɗe irinsa su zaɓi kalmar da ta fi girma a baki. Littafin yana da amfani, sai dai yana jera kalmomi ne kawai, ba ya faɗin halin kowacce. "Toss" jifa ce mai sauƙi, ba ƙarfi, ba fushi, yawanci sama take yi, kamar yadda za ka cilla wa ƙaninka makulli. Da ita alƙalin wasa ke cilla kwabo kafin a fara ƙwallon ƙafa, kuma tun sauyin doka na 2019 wanda ya ci zai iya zaɓar take ƙwallo ko zaɓar raga. Daga nan aka samu "toss-up", da 'yan jaridar Amurka ke kiran jihar da ba a san wanda zai lashe ta ba a zaɓe. Mara lafiya da ya kwana yana juye-juye ana ce masa ya yi "toss and turn". "Hurl" kuwa akwai ƙarfi da fushi a cikinta, wurgi ne na gaske, shi ya sa ake haɗa ta da zagi. "Fling" wurgi ne na ko-in-kula, kamar yaron da ya dawo makaranta ya wullar da jaka. A kiyaye da ita, domin idan ta zo a matsayin suna tana iya nufin 'yar gajeriyar soyayyar banza. "Heave" ta abu mai nauyi ce, irin buhun masara da ake cicciɓawa a jefa cikin mota. "Lob" jifa ce mai tashi sama ta sauko a bayan mutum. "Sling" kalmar majaujawa ce. "Chuck" ta hira ce tsakanin abokai, musamman a Ingila da Ostareliya, ba a sa ta a wasiƙar neman aiki.

Duba yadda zaɓi ɗaya ke canza labari. Idan rahoto ya ce masu zanga-zanga sun yi "hurl" da duwatsu, mai fassara ya rubuta "sun cilla duwatsu", ya rage wa abin zafi. Idan rahoton ya ce mutum ya yi "toss" da takarda a tebur, aka fassara "ya wurga masa takarda", an ɗora wa mutumin rashin ladabin da bai yi ba. A kotu ko a gidan rediyo wannan amana ce, kuma mutuncin wani ne a hannunmu.

Akwai kuma wuraren da hannu ba ya motsi ko kaɗan. "Throw a party" shirya liyafa ne. "Throw a match" shi ne ɗan wasa ya bari a ci shi da gangan, wato ya sayar da wasa. "Throw in the towel" daga damben Turawa ta fito, inda mai horarwa ke jefa tawul cikin fage don a tsayar da dambe idan yaronsa ya jigata, mu sai mu ce ya miƙa wuya ko ya saduda. "Overthrow" hamɓarar da gwamnati ce. Waɗannan ba a fassara su kalma bayan kalma, a dunƙule ake koyonsu, a nemo musu abin da Bahaushe ke cewa a irin wannan hali.

Ba zan daɗe a kan furuci da nahawu ba, kun fi ni sanin wahalarsu. Hausa ba ta da sautin "th", don haka yara kan ce "turo", kalmar da a Hausa take da tata ma'anar daban. A nuna musu harshe tsakanin haƙora. A kuma tuna musu cewa "throwed" ba ta cikin daidaitaccen Turanci, "threw" da "thrown" ake cewa, kuma a kunne "threw" ɗaya take da "through", kamar yadda "thrown" take ɗaya da "throne". Jimla ce kaɗai ke raba su.

Muna da kayan aiki. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara Hausa mai yawan gaske, Roxana Ma Newman ta fitar da na Turanci zuwa Hausa a 1990, Paul Newman ya fitar da na Hausa zuwa Turanci a 2007. Roƙona ga malamai shi ne ku shiga aji da ɗaya daga cikinsu, ku shiga da ƙwallo ma. Ku sa yaro ya cilla, wani ya wurga, wani ya jefo, wani ya jefar, sannan ku ba kowane motsi sunansa na Turanci a cikin cikakkiyar jimla. Ku kuma masu fassara, kada ku rubuta "jefa" sai kun tambayi kanku: da wane ƙarfi, da wace niyya, zuwa ga wa?